Kason dayosis: a rage wa ƙananan ikilisiyoyi ko a bar shi yadda yake?

Saratu: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema. Cocin da nake sujada a nan Amurka na ɗarikar Episkofal ne, wato Angalikan ɗin ƙasar nan. A taron shekara na ikilisiya an zaɓe ni cikin waɗanda za su wakilce mu a babban taron dayosis (dayosis shi ne rukunin ikilisiyoyin da ke ƙarƙashin bishop ɗaya), abin da muke kira sinod a gida Najeriya. An aiko mana da kundin takardu mai kauri: jawabin bishop, rahoton ma'aji, kasafin kuɗin baɗi, rahoton masu binciken kuɗi, da ƙudurorin da za a jefa wa ƙuri'a. Ɗaya daga cikinsu ya ce a rage kason da ƙananan ikilisiyoyi ke biyan dayosis duk shekara. Namu cocin ƙarami ne, rufinsa ma yoyo yake yi, kuma mutanenmu suna so in goyi baya. Amma ma'ajin dayosis ya rubuta cewa in an rage, dole a soke wasu ayyuka. Waɗanda suka san harkar nan, don Allah ku sa baki.

Dauda: Anti Saratu, ki goyi baya kawai. Kuɗin da ya tafi ofishin bishop ba ya dawowa. Ku gyara rufinku.

Yakubu: Dauda, dakata tukuna. Ƙanwata Saratu, barka da wannan nauyi. Na riƙe muƙamin wodin, wato ɗan ikilisiya mai kula da harkokin coci da dukiyarsa, a wani cocin Episkofal, bari in faɗa miki yadda kuɗin ke tafiya kafin ki yanke shawara.

Gwamnatin Amurka ba ta ba coci ko sisi don albashin limami. Da kaka ake raba katin alkawari, kowane gida ya rubuta abin da zai bayar a shekara mai zuwa, kwamitin coci ya gina kasafinsa a kan wannan. Zuwa 1 ga Maris kowace ikilisiya za ta miƙa rahotonta na shekarar da ta wuce: yawan 'yan sujada, baftisma, aure, jana'iza, abin da ya shigo da abin da ya fita. Daga wannan rahoton ne dayosis ke lissafa kasonku. Kowane dayosis da tsarinsa, wani kaso ɗaya ne ga kowa, wani kuma hawa-hawa ne, mai ƙarfi ya fi biya.

Shi ma dayosis ɗin yana da nasa kason da yake turawa hedikwatar ɗarika a New York, kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarsa. A da kashi 19 ake nema, kuma roƙo ne, wanda ya ga dama ya cika, wanda bai ga dama ba ya ba da abin da ya sawwaƙa. A babban taron ɗarika na 2015 a Salt Lake City aka ce a sauke shi sannu a hankali zuwa 15, amma daga 2019 ya zama wajibi. Dayosis ɗin da ya kasa zai iya neman rangwame. Wanda bai biya ba kuma bai nemi rangwame ba, ba shi da rabo a tallafi ko rance daga hedikwata. Bayan wannan sauyin, masu biya cikakke sun ƙaru. Saboda haka rage kaso ba laifi ba ne a karan kansa. Tambayar ita ce wa zai ɗauki giɓin.

Saratu: Yaya Yakubu, na gode. To wa ke ɗaukar giɓin a bisa al'ada?

Yakubu: Buɗe kasafin ki duba layin ma'aikata. Albashin bishop, na mataimakansa, na akawu da sakatariya. A kan albashin kowane limami akwai kashi 18 cikin 100 da ake zubawa a asusun fansho na ɗarika, wanda ya fara aiki tun 1917, sannan ga inshorar lafiya da kullum hauhawa take yi. Waɗannan ba sa raguwa don an rage kaso. Abin da wuƙa ke hawa kansa shi ne tallafin ƙananan ikilisiyoyi, aikin bishara cikin ɗaliban jami'a, sansanin yara na lokacin zafi, da kuɗin karatun masu shirin zama limamai. Kin ga ke nan ana iya rage muku kaso da hannun dama, a janye tallafin da ke biyan rabin albashin limaminku da hannun hagu.

A ce cocinku na samun dala 150,000 a shekara, aka rage muku kashi 2 cikin 100. Dala 3,000 ke nan ta rage a hannunku. In dayosis na ba ku tallafin da ya fi haka kuma shi za a soke, kun yi asara. In ba ya ba ku komai, kun ci riba. Ki tambayi ma'ajin cocinku wannan lissafin tun kafin ranar taro.

Dauda: To me ya hana a rage ma'aikatan ofishin bishop ɗin? Kullum talaka ne zai ɗaure ciki?

Yakubu: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma a zauren taron ake yin ta. Wakili yana da ikon tashi ya ce a rage layi kaza a ƙara wa layi kaza. Sai dai ka san abin da ma'aikacin ke yi kafin ka nemi a cire shi. Mutum ɗaya ne a ofishin ke taimaka wa cocin da limaminsa ya tafi wajen neman sabo. Wata kuma ita ke kula da horon kare yara daga cin zarafi da binciken tarihin duk wanda zai yi aiki da su. Babban coci na iya ɗaukar lauyansa da akantansa. Ƙarami ba shi da kowa sai dayosis.

Ishaku Akanta: Malama Saratu, ni a matsayina na mai aikin lissafi, ba kasafin zan fara karantawa ba. Kasafi niyya ce. Rahoton masu binciken kuɗi shi ke faɗar abin da ya faru. Ki fara da shi, ki nemi kuma wasiƙar da oditoci ke haɗawa da rahoton, wadda suke lissafa raunin da suka gani: wa ke sa hannu a cek, wa ke daidaita littafi da takardar banki, shin mutum ɗaya ne ke yin duka biyun.

Dokar ɗarikarku ta yi tanadi mai kyau a nan. Ta ce a binciki asusun dayosis duk shekara ta hannun ƙwararren akanta mai zaman kansa, a binciki na kowace ikilisiya ma, rahoton ya isa ga bishop kada ya wuce 1 ga Satumba, kuma a yi wa masu riƙe da kuɗi inshorar amana. Amma doka a takarda ba ta tsare kowa sai an bi ta. A 1995 aka gano cewa ma'ajiyar ɗarikar ta ƙasa baki ɗaya, Ellen Cooke, ta karkatar da kimanin dala miliyan 2.2. Ta riƙe muƙamin tun 1986, kuma a 1996 kotu ta ɗaure ta shekara biyar. A hedikwata wannan ya faru, ƙarƙashin hancin manya. An yarda da ita har an daina dubawa.

Abu na biyu da za ki duba shi ne asusun jari. Tsofaffin dayosis na Amurka suna da dukiyar da mamata suka bari, an zuba ta a hannun jari, duk shekara ana ɗibar wani abu, galibi kashi 4 zuwa 5 cikin 100. In kika ga ana ɗibar fiye da haka shekara bayan shekara don cike giɓin kasafi, to ana cin irin shuka ne. Ki lura kuma wani kuɗin a ɗaure yake. Wanda ya bar shi ya rubuta cewa na karatun limamai ne ko na gyaran wani gini, ba za a iya juya shi zuwa albashi ba. Mutane kan ga jimilla mai yawa su ce ai dayosis na da arziki, alhali rabin abin ba ya taɓuwa.

Baba Kanon: Salama, 'ya'yana. Na karanta duka. Ishaku, ɗana, maganarka gaskiya ce, amma salon ya ɗan dame ni. Bishop uba ne. In kowane ɗa ya zo sinod da fuskar ɗan sanda, zumunci zai mutu. Kuma Dauda, ka ce kuɗin da ya hau ba ya saukowa. Bari in tuna maka daga ina muka fito. A 1954 duk Arewa dayosis ɗaya ne, kujerar bishop tana Kaduna. Sai 1980 aka raba shi uku, Kaduna da Kano da Jos. A 1990, zamanin Akbishop Adetiloye, aka kafa dayosis na bishara a wurare irin su Sakkwato, Katsina, Bauchi, Yola, Maiduguri da Kafanchan. Da kuɗin wa kake tsammani waɗannan bishop-bishop suka fara aiki? 'Yan'uwa ne da ba su taɓa taka waɗannan garuruwa ba suka tallafa. Da kowa ya ce sai ya gama gyara nasa rufin, da yau babu su. Asesmen, wato kason nan da ake biyan dayosis, ba harajin sarki ba ne. Hanya ce da mai ƙarfi ke ɗaukar marar ƙarfi.

Ishaku Akanta: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya. Ban yi nufin raini ba, ku gafarce ni in ya fito haka. Abin da nake gani shi ne bincike yana kare bishop ɗin ne da kansa. Ranar da tsegumi ya tashi cewa kuɗin ginin makaranta ya ɓace, me zai wanke shi in ba takarda ba? Manzo Bulus ma da ya tara gudummawa domin Urushalima bai ɗauka shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa sura 8 ya ce ikilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya raka su, don kada kowa ya sami abin zargi. In Bulus ya nemi shaida, mu su wa?

Baba Kanon: Wannan ayar ka kawo ta daidai. Na yarda. Amma a yi tambaya da ladabi.

Maman Godiya: Baba Kanon, ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ku bar ni in yi magana a madadin mata, domin mu ne ƙashin bayan baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a sujada. Ni ina cikin masu ƙirga baiko a cocinmu. Bayan sujada mu huɗu muke zama a ɗakin shiri, wodin biyu da mu mata biyu, a juye jaka a kan tebur. Yawanci naira hamsin ne da ɗari da ɗari biyu, wasu sun tsufa har sai an lallaɓa su kafin su miƙe, wasu an naɗe su ƙanana kamar yadda aka ciro su daga bakin zane. Mu ware, mu ɗaure da roba, mu rubuta a littafi, kowa ya sa hannu. Na san masu ba da kuɗin nan. Akwai mai tuyar ƙosai, akwai gwauruwa mai sayar da itace. Idan lokacin girbi ya zo, su ne masu kawo kwanon masara da kaza.

Ba na ƙin a kai kason dayosis. Abin da ke ci mini rai shi ne bayan asesmen sai ga takardar gudummawar wannan, ga ta wancan, ga ta tarbar baƙi, duk a shekara guda, kuma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mana ga abin da aka yi da na bara. Na san malamin bishara a wani ƙauye da ya yi watanni ba albashi saboda an ce sai an fara cika asesmen. Wakilanmu in sun dawo daga sinod, sai su ce taro ya yi albarka. Rahoton kuɗin kuma da Turanci yake, ba mai fassara mana. Saratu, 'yata, tunda a can an ba ku takardun a hannu tun kafin taro, ki karanta su don Allah, ki dawo ki yi wa mutanenku bayani da bakin da za su gane.

Saratu: Mama, maganarku ta taɓa ni. Zan yi haka da yardar Ubangiji.

Dauda: Ni fa akwai abin da ban gane ba. Ba cocinmu na Najeriya ya yanke zumunci da wannan ɗarikar ba tun 2003? Me ya kai Anti can?

Mai Kula da Zaure: Dauda, wancan zancen mun yi shi a baya, kuma yana da nasa wurin. Kowa da lamirinsa da kuma cocin da ke kusa da inda yake zaune. A nan maganar tafiyar da dayosis da kuɗinsa ake yi. Mu tsaya a kai.

Yakubu: Na bi umarnin mai zaure, amma akwai gefen wannan rikici da ya shafi rufin su Saratu kai tsaye, wato wa ke da ginin. A 1979 ɗarikar ta kafa dokar da ake kira ta Dennis, wadda ta ce duk kadarar ikilisiya amana ce da ake riƙe wa dayosis da ɗarika. Da wasu ikilisiyoyi a Virginia, ciki har da tsohon cocin Falls Church, suka kaɗa ƙuri'ar ficewa a Disamba 2006 suka koma ƙarƙashin reshen da cocin Najeriya ya kafa a zamanin Akbishop Peter Akinola, sai aka shiga kotu. A 2012 alƙali ya ce ginin na dayosis ne, suka tattara suka fita. A Texas kuwa akasin haka aka yi, kotun ƙolin jihar a 2020 ta ba waɗanda suka fice a Fort Worth gaskiya. An ƙona maƙudan kuɗi a wajen lauyoyi ta kowane ɓangare.

Abin da ya shafe ki, ƙanwata: cocinku ba zai iya sayar da fili ko jinginar da gini don cin bashin banki ba sai da rubutaccen iznin bishop da zaunannen kwamitin dayosis. Wannan kwamiti limamai ne da 'yan ikilisiya, kuma ku wakilai ne za ku zaɓe su a wannan taron. Kada ki ɗauki wannan zaɓen da wasa. In kujerar bishop ta zama ba kowa, su ne ke riƙe ragamar dayosis. Sannan dayosis da yawa suna da asusun rance mai sauƙin ruwa don gyaran gine-gine. Ki bincika ko naku yana da shi. Wataƙila maganin rufinku yana can, ba a rage kaso ba.

Ishaku Akanta: Abin da ya fi burge ni a tsarinsu ke nan. Har bishop ma wakilai ne ke zaɓa. Limamai su jefa tasu ƙuri'a, 'yan ikilisiya su jefa tasu, sai mutum ya yi rinjaye a duka ɓangarorin a zagaye guda. Bayan haka yawancin bishop-bishop masu riƙe da dayosis da yawancin zaunannun kwamitoci na sauran dayosis sai sun amince cikin kwana 120. Mu a nan Najeriya majalisar bishop-bishop ce ke zaɓa, mu ji sanarwa. Wanda jama'a suka zaɓa ya fi jin nauyin yi musu bayani.

Baba Kanon: A nan kam ban bi ka ba, ɗana. Ka san ƙasarmu. Ka buɗe zaɓen bishop ga kowa, gobe za ka ga ƙabila ta ja layi, mai kuɗi ya fara rabon buhun shinkafa. Na ga yadda zaɓen wodin kawai ke raba ikilisiya biyu. Tsarinmu yana da nasa aibi, ban musa ba, amma kada mu ɗauko na wasu mu kafa ba tare da duba ƙasar da za a kafa shi ba. Kuma da tsarin zaɓe ne ke cika coci, da nasu ya cika. A shekarun 1960 sun haura mutum miliyan 3, yanzu kusan miliyan ɗaya da rabi suke.

Yakubu: Gaskiya ne Baba, kuma wannan raguwar ita ce tushen ƙudurin da ke gaban Saratu. Gine-ginen na nan, kuɗin wuta da ɗumama ɗaki da inshora na nan, masu zama a benci ne suka ragu. Shi ya sa yanzu haɗewa suke yi. A 2024 dayosis uku na jihar Wisconsin suka koma ɗaya, biyu a Michigan ma suka haɗe. Shugaban ɗarikar na yanzu, Sean Rowe, wanda aka zaɓa a Louisville a 2024, kafin nan shi kaɗai ke riƙe da dayosis biyu, ɗaya a Pennsylvania ɗaya a yammacin New York, suna raba ma'aikata.

Ishaku Akanta: Mu kuma ƙaruwa muke yi, mun haura dayosis 160. Abin godiya ne, amma kowane sabo yana bukatar gidan bishop, mota, ofis da ma'aikata, kuma a kan mutanen da Mama ta ambata nauyin ke sauka. Kafin a yanka sabon dayosis ya kamata a zauna a yi lissafi na gaskiya.

Baba Kanon: Ana yi, akwai sharuɗɗan da ake gindayawa. Sai dai wani lokaci zumuɗi kan rinjayi lissafi. Amma ka tambayi mutumin ƙauyen da a da sai ya shekara da shekaru bai ga bishop ya zo hidimar tabbatar da waɗanda aka yi wa baftisma ba, yanzu kuma yana ganinsa duk shekara.

Saratu: Yaya Yakubu, tambaya ta ƙarshe. In na ga ƙudurin yana da kyau amma ina tsoron a soke tallafin ƙananan coci, dole ne in ce i ko a'a kawai?

Yakubu: Ba dole ba ne. Yawanci kafin babban taron ana yin zaman share fage yanki-yanki, ma'aji da kwamitin kuɗi su zo su amsa tambayoyi. Can ne wurin tambaya, domin ranar taro lokaci ƙanƙane ne, kowa minti biyu ko uku ake ba shi a makirfo. Ki tambaye su layin da za su yanke, da sunansa. Ki tambaya ikilisiyoyi nawa ne suka kasa cika kasonsu bara, domin in da yawa ba sa iya biya, ragin gaskiya ce kawai ake rubutawa. Za ki iya kawo gyara, misali a yi ragin cikin shekara uku, ko a rubuta cewa ba za a taɓa tallafin ƙananan ikilisiyoyi ba. Ki rubuta gyaran, ki nuna wa lauyan dayosis ko sakataren taro tun da wuri, ki sami wakilin wani coci da zai mara miki baya. A inda na yi aiki, ƙa'ida ce duk mai neman a ƙara kashe kuɗi a wani layi sai ya nuna inda za a ciro shi. Ki duba ko haka naku yake.

Maman Godiya: Ishaku, ɗana, tunda aikinka ne, ba za ka tsara mana takarda mai sauƙi da Hausa ba? Shafi ɗaya, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da aka kai dayosis, abin da ya rage. In kai wa kwamitin cocinmu a riƙa karantawa duk ƙarshen wata.

Ishaku Akanta: An gama, Mama. Zan sa ta a nan zauren ranar Asabar, duk mai so ya ɗauka. Zan ware baiko daban, zakka daban, godiya da girbi daban, da gurbin sa hannun mutum biyu a ƙasa.

Baba Kanon: Ka ƙara layi ɗaya, ɗana: albashin malamin bishara, an biya ko ba a biya ba, da watan da aka tsaya. Ka sa shi a sama, kafin layin asesmen.